Jagorar Amfani da Sautin Kogo Wajen Zurfafa Tafakkuri

Duk wanda ya taɓa shiga kogo mai zurfi ya san cewa kunne ne yake fara lura da sauyi, tun kafin ido ya saba da duhu. Hayaniyar waje takan yanke kamar an rufe ƙofa, sai mutum ya soma jin numfashinsa, da takun ƙafarsa, da ɗigon ruwa guda da ya faɗo daga rufin dutse ya bar amo yana kewaya wurin har tsawon wasu daƙiƙoƙi. Wannan yanayi ne masu naɗar sauti suke kamawa su ɗora a intanet, har ta kai a yau ana samun sautin kogo na awa ɗaya, na awa uku, har na awa goma a YouTube da Spotify da manhajojin waya iri-iri. Mutane da yawa suna kunna shi domin barci ko karatu, amma amfaninsa mafi girma yana wajen tafakkuri, wato zama shiru domin tattara hankali wuri guda. Sai dai kafin a shiga bayanin matakai, ya kamata a san abin da ya kai mutanen farko cikin kogo, domin wanda bai san wannan ba, yana iya shafe watanni yana sauraro ba tare da ya kama bakin zaren ba.

Abin da ya kai bayin Allah cikin kogo

A cikin hadisin Nana A'isha (RA) da ya zo a farkon Sahihul Bukhari, an bayyana cewa kafin saukar wahayi an sanya wa Manzon Allah (SAW) son kaɗaita, ya kasance yana keɓewa a Kogon Hira yana bauta na darare masu yawa, sa'an nan ya koma wurin Nana Khadija (RA) ya ƙaro guzuri. A can ne wahayi na farko ya same shi a wajajen shekara ta 610 Miladiyya. Kogon yana kusa da ƙololuwar Jabalun Nur a gefen Makka, kuma ɗan ƙarami ne ƙwarai, tsawonsa bai kai mita 4 ba, faɗinsa bai kai mita 2 ba. Babu ruwa mai ɗiga a cikinsa, babu kuma irin amon nan mai tsawo da ake ji a sautukan da ake naɗa. Abin da yake da shi nisa ne daga kasuwa da surutun jama'a. Wannan bayani ya isa ya nuna mana cewa abin da ake nema a kogo tun asali ragi ne: a rage abin da ido yake gani, a rage abin da kunne yake ji, domin zuciya ta sami sararin yin aikinta.

Alƙur'ani ma ya taɓo wannan ƙofa ta kunne a Suratul Kahfi. Da Allah Ya ba da labarin samarin da suka gudu da imaninsu suka fake a kogo, sai Ya ce Ya yi duka a kan kunnuwansu na shekaru masu yawa, kuma masu tafsiri sun bayyana cewa an ambaci kunne ne saboda ta nan ne abin da ke tayar da mai barci yake shiga. Daga baya malaman tarbiyyar zuciya suka tsara abin da muke kira halwa, wadda sau da yawa takan kai kwana 40. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya rubuta a Ihya'u Ulumiddin cewa mai neman tattara zuciyarsa ya zauna a ɗaki mai duhu, idan bai samu ba ya lulluɓe kansa da mayafi. Ka ga ke nan tun a wancan zamani an fahimci cewa ana iya ƙirƙirar kogo ba tare da an hau dutse ba.

Sauran addinai ma suna da irin wannan tarihi. A littafin Sarakuna na Farko da ke cikin Baibul, sura ta 19, Annabi Iliya ya kwana a kogo a Dutsen Horeb, iska mai ƙarfi ta wuce, girgizar ƙasa ta wuce, wuta ta wuce, sai bayan duk waɗannan ya ji wata murya siririya, ya rufe fuskarsa ya fito bakin kogon. Antoniyos na Masar, wanda Kiristoci suke ɗauka uban masu zuhudu, ya ƙarasa rayuwarsa a kogo a duwatsun da ke kusa da Bahar Maliya, ya rasu a 356, shi kuma Benedikt ya yi shekara 3 a kogon Subiyako a Italiya kafin ya kafa tsarin da gidajen ibadar Turai suka bi. A Indiya, mabiya addinin Buda sun sassaƙa koguna kusan 30 a Ajanta, a Tibet kuma har yau ana ziyartar kogunan da Milarepa, wani shahararren mai zuhudu na addinin Buda, ya zauna a ciki.

A wasu wuraren kuwa amon ne da kansa ya ja mutane. Kogunan Barabar da ke jihar Bihar, waɗanda aka sassaƙa a zamanin Sarki Ashoka ƙarni 3 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), an goge bangonsu sumul kamar madubi, ta yadda murya takan daɗe tana kai da komowa a ciki. A tsibirin Malta akwai ɗakunan ƙarƙashin ƙasa na Hal Safiliyeni, masu sama da shekara 5,000, waɗanda aka gano a 1902, inda wani ɗaki yake amsa kakkaurar muryar namiji har mutum ya ji ta a ƙirjinsa. A shekarun 1980 wani masani mai suna Iegor Reznikoff ya riƙa shiga kogunan Faransa masu zanen mutanen dā, irin su Niaux da Arcy-sur-Cure, yana gwada su da muryarsa, ya gano cewa zane ya fi yawa a wuraren da amo ya fi ƙarfi.

Akwai iyaka guda da ya kamata Musulmi ya riƙe. Malamai da dama sun lura cewa bayan saukar wahayi Manzon Allah (SAW) bai koma Hira domin keɓewa ba, kuma keɓewar da shari'a ta tsara ita ce i'itikafi a masallaci. Saboda haka sautin kogo ba ibada ba ne, babu wata albarka a cikinsa, kuma ba ya maye gurbin salla ko karatu ko zikiri. Matsayinsa kamar na labule ne da ake sakewa domin a tare haske, ko na mayafin nan da Gazali ya ambata.

Dalilin da ya sa wannan sauti yake kwantar da hankali

Sauti yana tafiya a iska da gudun kimanin mita 343 a daƙiƙa. Idan ya bugi bango mai tauri sai ya dawo, kuma idan bangon yana da nisan mita 17 ko fiye, kunne yana jin dawowar a matsayin amsa-kuwwa daban. A cikin kogo bangaye suna da yawa, ba su da tsari, duk kuma dutse ne, don haka dawowar takan zo dubbai a lokaci guda ta haɗu ta zama amo ɗaya mai dusashewa a hankali. Wannan shi ne abin da zan riƙa kira wutsiyar sauti. A ɗakin kwana mai katifa da labule wutsiyar ba ta wuce rabin daƙiƙa, a babban kogo kuwa tana iya kai daƙiƙoƙi da yawa. Siraran sautuka suna saurin mutuwa saboda iska tana shanye su, kaurara su ne suke daɗewa, shi ya sa amon kogo yake da taushi da nauyi, ba ya sukar kunne.

Abubuwa biyu ne suka fi fizgar hankalin mutum ta kunne: ƙarar da ta zo ba zato, da maganar da ake iya fahimta. Sautin kogo mai kyau ba shi da ko ɗaya daga ciki, yana kuma lulluɓe su idan sun zo daga waje. Duhu da rashin sauyi suna da wani tasiri a kan yadda ake jin wucewar lokaci. A 1962 wani matashi Bafaranshe, Michel Siffre, ya yi kimanin wata 2 a ramin Scarasson ba tare da agogo ba, da aka sanar da shi cewa lokacin fita ya yi a tsakiyar Satumba, shi a lissafinsa ana 20 ga Agusta. Mai zama na minti 20 ba zai kai nan ba, amma zai ɗanɗani kaɗan daga wannan saki da lokaci yake yi wa mutum.

Mataki na farko: tsayar da manufa

Kafin ka taɓa waya, ka tambayi kanka abin da kake so ka yi da shirun idan ka same shi. Wani yana so ne ya huce bayan aiki, wani yana so ya yi tunani a kan aya ko wata shawara mai nauyi, wani kuma yana so ya shirya zuciyarsa kafin ibadar dare. Ka zaɓi ɗaya ka faɗe ta a jimla guda. Idan barci kake nema, to wannan wani aiki ne daban, kuma ya fi kyau kada ka yi amfani da sauti ɗaya domin barci da tafakkuri, saboda jiki yana saurin haɗa sauti da abin da aka saba yi a kansa, sai ka ga da zarar ka kunna ka fara gyangyaɗi.

Mataki na biyu: zaɓen sauti

A nan ne mafi yawan mutane suke yin kuskure, don haka zan ɗan daɗe. Sautukan da ake samu sun kasu kashi uku. Akwai wanda aka naɗa a kogo na gaskiya ba a ƙara masa komai ba, akwai wanda aka harhaɗa a kwamfuta daga ɗigon ruwa da iska da amon roba, akwai kuma wanda aka shimfiɗa kiɗa mai taushi a ƙarƙashinsa. Wannan na ukun ya samo asali ne daga salon kiɗan nan mai zama kamar iskar ɗaki, wanda makaɗin Birtaniya Brian Eno ya raɗa wa suna "ambient" a 1978. Ga mai tafakkuri, a ganina na farko ya fi, na biyu ma ba laifi idan an yi shi da kyau. Na ukun yana da matsala biyu: kiɗa yana ɗora wa zuciya wani shauƙi da ba ita ta kawo shi ba, sa'an nan duk wanda yake kauce wa kayan kiɗa saboda addini ba zai sami natsuwa da shi ba.

Ka saurari minti 5 na duk sautin da kake so ka ɗauka, da rana, idonka biyu, kana neman aibinsa. Ka lura da ɗigon ruwan: idan yana faɗowa daidai wa daida kamar bugun agogo, hankali zai fara ƙirga shi, idan kuma ya yi yawa kamar ruwan sama a kan kwano, babu tazarar da za ka zauna a cikinta. Wanda ya fi dacewa shi ne mai ɗigo jefi-jefi, da tazarar daƙiƙa 3 zuwa 10 wadda ba ta da tsari. Ka lura da maimaituwa, domin da yawa daga sautukan awa goma guntu ne na minti 2 ko 3 da aka jera, kuma da zarar kunnenka ya gane inda yake komawa farko, zai riƙa jiran wurin kamar mai gadi. Ka tsallaka zuwa tsakiya da ƙarshe ka tabbatar babu tsawa ko kukan jemagu ko wata murya da za ta razana ka. Idan an rubuta cewa an naɗe shi da makirfo biyu a matsayin kunnuwan mutum, wannan ƙari ne mai kyau, saboda zai ba ka jin faɗin wurin, ɗigo ɗaya a hagu can nesa, wani a bayanka.

Za ka ci karo da sunaye masu ɗauke da alƙawura, cewa wannan sauti mai kaɗawa 432 ko 528 a daƙiƙa yana warkar da cuta, ko yana buɗe wata ƙofa ta ruhi. Babu wata hujja tabbatacciya ta kimiyya da ta tsaya wa waɗannan maganganu, kuma ba su da alaƙa da tarihin da muka kawo a sama. Ka bar su inda ka gan su.

Idan ka samu sautin da ya yi maka, ka sauke shi a wayarka ta hanyar da mai shi ya yarda. Babu abin da yake rusa zama kamar talla ta faɗo maka a kunne a minti na 12. Shafin Freesound yana da sautukan kogo na gaskiya da masu su suka bari a yi amfani da su kyauta. Mai sha'awar haɗa nasa kuma zai iya yi da manhajar Audacity, wadda ita ma kyauta ce: ya naɗi ɗigon ruwa yana faɗawa cikin bokiti a ɗaki shiru, ya rage saurinsa domin ya yi kauri, ya sa masa amo mai wutsiyar daƙiƙa 5 ko 6, sa'an nan ya shimfiɗa wani huci mai kauri a ƙasa, can ƙasa-ƙasa yadda da ƙyar za a ji shi. Amfanin wannan shi ne kai ne za ka tsara tazarar da tsawon yadda kake so.

Mataki na uku: kayan sauraro da ƙarfin sauti

Lasifikar waya ba ta iya fitar da kauraran sautuka, don haka za ta mayar maka da kogo kamar ruwa yana ɗiga a gwangwani. Hedifon mai rufe kunne duka ya fi, iyafis mai shiga cikin kunne ma ya wadatar idan ba ya yi maka ciwo. Ƙa'idar ƙarfin sauti mai sauƙi ce: ka rage shi har ya ɓace, sa'an nan ka ƙara kaɗan-kaɗan har ka fara jin wutsiyar ɗigon, ka tsaya a nan. Ya kamata ka riƙa jin numfashinka a saman sautin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar sauraro ga baligi a desibel 80 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti) na awa 40 a mako, kai kuwa abin da kake bukata yana ƙasa da wannan nesa ba kusa ba. Kada ka ƙure sauti domin ka danne hayaniyar waje. Idan wurin ya cika ƙara, sauya wuri ko lokaci ya fi.

Mataki na huɗu: wuri, lokaci da zama

Ka nemi wuri guda ka riƙe shi, ka rage haske gwargwadon iko, ko ka rufe idonka da ƙyalle mai taushi. Ka sa wayar a yanayin jirgin sama, ka saita ƙararrawa mai taushi, ka kife ta. Lokacin da ya fi shi ne sassafe kafin harkoki su tashi, ko da dare bayan gida ya yi tsit, amma ba bayan cin abinci mai nauyi ba. Ka zauna a ƙasa ko a kujera, bayanka a miƙe ba tare da ƙagewa ba, hannuwanka a kan cinya. Kwanciya tana kai mutum ga barci, sai fa ga mai ciwon baya. Wata 'yar shawara da ba a cika faɗa ba: ka zaga bayan gida kafin ka zauna, domin ƙarar ɗigon ruwa tana da nata tasiri a kan mafitsara.

Mataki na biyar: zaman kansa

Mu ɗauka zaman minti 20 ne. A minti 3 na farko kada ka yi ƙoƙarin komai, ka bar kunnenka ya zagaya wurin kamar baƙon da ya shigo ɗaki yana dube-dube. Ina ɗigo mafi kusa yake, ina mafi nisa, rufin yana da tsawo ko gajere ne, akwai iska tana shigowa ta wani gefe? Wannan yana ba hankali aikin yi mai sauƙi, ya janye shi daga lissafin da ya shigo da shi.

Daga nan ka koma kan numfashi. Ka shaƙa ta hanci kana ƙirga 4, ka fitar a hankali kana ƙirga 6, wanda zai ba ka kimanin numfashi 6 a minti. Tsawaita fitar da numfashi yana rage saurin bugun zuciya, kuma shi ne yake gaya wa jiki cewa babu haɗari. Ka yi haka na minti 3 ko 4, sa'an nan ka daina ƙirga ka bar numfashin ya tafi yadda ya ga dama. Idan ka ji jiri, alama ce kana jan iska da ƙarfi fiye da kima, sai ka sassauta.

Yanzu ne za ka shiga ainihin aikin, wanda shi ne ya bambanta sautin kogo da na teku ko na ruwan sama. Ka zaɓi ɗigo guda idan ya faɗo, ka bi wutsiyarsa da kunnenka yayin da take sirancewa, ka ci gaba da binta har inda ba za ka iya rantsewa cewa kana jin ta ko ba ka ji ba. A daidai wannan gaɓa za ka tarar cewa hankalinka ya tsaya cak yana sauraron abin da babu shi, kuma maganar zuci ta ɗauke na ɗan lokaci. Wannan tazara ita ce abin da ka zo nema. Da farko ba za ta wuce daƙiƙa ɗaya ko biyu ba kafin tunani ya kutso, amma kowane sabon ɗigo yana ba ka wata dama, ba sai ka tuna da kanka cewa ka dawo ba, ruwan ne zai kira ka. Mawaƙiya Pauline Oliveros, wadda a 1988 ta shiga wata tsohuwar ma'ajiyar ruwa ta ƙarƙashin ƙasa a jihar Washinton ta Amurka, mai wutsiyar sauti ta daƙiƙa 45, ta gina koyarwarta ta sauraro mai zurfi a kan bambancin ji da sauraro: ji yana faruwa da kansa, sauraro kuwa sai an sa niyya. Ka yi minti 5 zuwa 7 a kan wannan bibiya.

Idan ka ji ruwan zuciya ya kwanta, sai ka ɗauko manufar da ka tsayar tun farko ka ajiye ta a cikin wannan shiru. Idan aya ce, ka karanta ta sau ɗaya a zuci ka tsaya, ka bar ma'anarta ta yi amo kamar yadda ɗigon ya yi, kada ka yi gaggawar wucewa zuwa ta gaba. Idan shawara ce, ka yi wa kanka tambayar sau ɗaya ka saurara, ba tare da ka shiga jera hujjoji ba. Wanda yake so ya yi zikiri ko addu'a, ina ganin ya fi dacewa ya kashe sautin a wannan gaɓa, domin labule ya gama aikinsa, kuma ambaton Allah ba ya bukatar rakiya.

Hankali zai gudu, wannan tabbas ne, kuma zai gudu sau da yawa. Za ka farga kana tsakiyar gardama da wani da ba ya nan, ko kana lissafin bashi. Kada ka yi wa kanka faɗa, domin faɗan ma wani tunani ne da zai ci minti biyu. Ka lura cewa ka tafi, ka jira ɗigo na gaba, ka bi shi. Dawowar nan ita ce horon, kuma zaman da ka dawo sau 30 a cikinsa bai lalace ba.

Mataki na shida: fita

Idan ƙararrawa ta kaɗa, kada ka zabura. Ka rage sautin a hankali, ka cire hedifon, ka yi minti ɗaya kana sauraron ɗakinka na gaskiya da irin kunnen da ka saurari kogon. Ka motsa yatsu, ka buɗe ido, ka miƙe sannu. Ka jinkirta duba saƙonni na minti 5, kuma idan wani abu ya bayyana maka a zaman, ka rubuta shi a layi biyu kafin ya gushe.

Mataki na bakwai: tsarin makonni da yaye kai

Ka fara da minti 10 kullum na mako guda, ka koma 15 a mako na biyu, 20 a na uku. Kaɗan mai ɗorewa ya fi zaman awa guda da za a yi sau ɗaya a watsar, kuma sannu ba ta hana zuwa. Ka riƙe sauti ɗaya a duk wannan lokaci, domin mai sauya sauti kullum ya koma ɗan kallo. Daga mako na huɗu ka fara kashe sautin minti 5 kafin ƙarshen zama, bayan wani mako ka kashe shi a rabi, daga baya ka riƙa kunna shi na minti 3 na farko kawai. Ranar da ka zauna babu komai a kunnenka, ka ji ƙofa ta rufu a wani ɗaki ka bi wutsiyar ƙarar har ta ɓace, to ka koyi abin da ake so ka koya. Daga nan sautin ya zama abin da kake komawa gare shi a ranar da gida ya cika ko zuciya ta ƙi zama.

Akwai waɗanda ya kamata su yi hattara. Mai tsoron ƙuntataccen wuri zai iya jin ƙirjinsa ya matse, sai ya bar idonsa a buɗe, ya zaɓi sautin bakin kogo mai iska da kukan tsuntsaye daga nesa. Mai fama da ƙugin kunne zai iya jin ya ƙaru a wuraren shiru, don haka sauti mai ruwa mai gudana ya fi masa. Wanda ya taɓa shiga wani bala'i da har yanzu yake dawo masa, ko mai fama da matsananciyar damuwa ko wata larurar ƙwaƙwalwa, ya tuntuɓi likita kafin ya tsawaita zama shi kaɗai a duhu, kuma duk wanda ya ji tsoro yana ƙaruwa a tsakiyar zama ya dakata ya kunna fitila. Ba a sauraron wannan sauti ana tuƙi ko ana aiki da inji.

Ga mai son shiga kogo na gaskiya

Gani ya kori ji, kuma babu naɗaɗɗen sautin da zai ba ka sanyin dutse da ƙamshin danshi. Sai dai kogo ba wurin wasa ba ne. A Yunin 2018 yara 12 'yan ƙwallo da kocinsu suka maƙale a kogon Tham Luang na ƙasar Tailan bayan ruwan sama ya toshe musu hanya, ba a gano su ba sai bayan kwana 9. Kocin, wanda ya yi shekaru a gidan ibadar Buda, ya koya musu zama shiru domin su rage tsoro su kuma adana ƙarfinsu, amma ceton nasu ya ci ran wani mai ninƙaya. Saboda haka kada ka shiga kogo a lokacin damina ko ana hasashen ruwa, kada ka shiga kai kaɗai, ka sanar da wani inda za ka da lokacin da za ka fito, ka riƙe fitila 3 daban-daban, ka sa hular kwano da takalmi mai kama ƙasa. Ka guji kogon da jemagu suka yi yawa, domin ƙurar kashinsu tana ɗauke da ƙwayar cutar huhu, kuma an sami waɗanda suka kamu da cutar Marburg, 'yar'uwar Ebola, bayan shiga kogon Kitum a Kenya. A wasu ramuka gurɓatacciyar iska takan taru a ƙasa, alamarta haki da ciwon kai, wanda ya ji haka ya fita nan take. Kada ka kunna turare ko kyandir, kada ka taɓa tsinin dutsen da ke reto daga rufi, domin ɗigon da kake sauraro ne ya gina shi cikin dubban shekaru. Mafi sauƙi shi ne ka je kogon da aka buɗe wa maziyarta tare da ɗan jagora, ka roƙe shi ya ba ku minti 5 a kashe fitilu kowa ya yi shiru, ka zauna kusa da hanyar fita, bayanka jingine da dutse.